Makarantar gwamnati ce ko ta gari? Abin da ke bayan kwamitocin SBMC

Tun da shirin AGILE, na tallafa wa karatun 'yan mata da kuɗin Bankin Duniya, ya fara zuba kuɗin gyara kai tsaye a asusun makarantun sakandare, kuma Gwamna Abba Kabir Yusuf ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi a Kano a watan Yunin 2024, wasu haruffa huɗu suka yawaita a bakin jami'ai: SBMC. Ana jin su a rediyo, ana ganin su a allunan da ake kafawa a ƙofar makarantun da aka gyara. Iyaye da yawa kuwa sun shiga ruɗu. Wasu na ɗauka tsohuwar PTA ce aka sauya wa riga. Wasu na tambaya, in dai ilimi kyauta ne kamar yadda doka ta ce, me ya kawo kiran taro da zancen gudummawa? Malamai ma suna da tasu tambayar: wa ya ba tela ko mai shago izinin duba rajistar zuwansu aiki?

Duk waɗannan tambayoyi tushensu ɗaya. Ana ƙoƙarin sauya yadda ake yanke shawara a makaranta, daga umarnin da ke saukowa daga ofis zuwa tsarin da ake zama a yi tare. Ko hakan zai kai ga yaron da aka saba mantawa da shi, wannan ya danganta da wanda aka zaunar a wurin shawarar, da kuma abin da aka sakar masa a hannu.

## SBMC, PTA da kalmar "adalci"

SBMC taƙaitaccen sunan Turanci ne na kwamitin tafiyar da makaranta, wanda ke zaune a makarantar ita kanta. A takarda, bambancinsa da PTA a fili yake. PTA ƙungiya ce ta iyayen yara da malamai. Wanda ba shi da ɗa a makarantar ba shi da kujera, kuma a aikace an fi saninta da tara kuɗi. Shi SBMC na gari ne baki ɗaya. Ƙa'idojinsa sun tanadi kujera ga shugaban makaranta, da wakilan malamai, da ɗalibai biyu namiji da mace, da wakilin mai unguwa ko dagaci, da malaman addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai, da masu sana'ar hannu, har da wakilan PTA ɗin. Yawan kujerun yakan bambanta daga jiha zuwa jiha. Aikin sa kai ne, babu albashi.

Babban abin da ake jira daga kwamitin shi ne tsarin bunƙasa makaranta. Takarda ce ta shekara, wadda ake fara ta da zagaya makarantar a ƙirga abin da ke akwai: yara nawa ne a rajista, nawa ke zuwa da gaske, azuzuwa nawa ke da rufi, malamai nawa, akwai ruwa, akwai ban-ɗaki. Daga nan a jera buƙatu, a ware 'yan kaɗan da za a fara da su, a ƙiyasta kuɗinsu, a rubuta wanda zai yi kowanne da lokacin da zai gama. A ƙarshen shekara a dawo gaban jama'a a faɗi abin da aka yi da abin da ya gagara.

Kalma ta uku, wato adalci, ita ta fi jawo gardama. Raba daidai-wa-daida daban, adalci daban. Idan aka ba kowace makaranta a ƙaramar hukuma buhun siminti ɗari, an raba daidai. Amma makarantar cikin gari mai katanga da tsofaffin ɗalibai masu hali za ta yi ado da nata, ta ƙauye kuwa ko aji ɗaya ba za ta tayar ba. Adalci a bakin masu tsara ilimi na nufin a duba wanda ya fi nisa da samun karatu a ƙara masa: 'ya mace, ɗan talaka, mai lalura ta musamman, ɗan makiyayi, ɗan gudun hijira.

## Yadda makaranta ta fita daga hannun gari

Ruwa ba ya tsami banza. A Arewa, makarantar boko ba daga cikin gari ta tsiro ba. A zamanin En'e hakimai da dagatai ake ɗora wa kawo yara elimantare, sau da yawa ba da son iyaye ba, har ana ba da labarin masu ɓoye 'ya'yansu in an zo ɗauka. A shekarun 1970 gwamnatoci suka karɓe yawancin makarantun mishan da na ƙungiyoyi, sannan a watan Satumban 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da UPE, ilimin firamare kyauta ga kowa. Yaran da suka fito sun zarce lissafin da aka yi. Kuɗin mai na shigowa a lokacin, sai saƙon da jama'a suka karɓa ya zama ɗaya: gwamnati ce mai gini, ita ce mai alli, ita ce mai gyara.

Da farashin mai ya faɗi a shekarun 1980, gwamnati ta kasa, gari kuma ya riga ya janye hannu. Aka yi ta jefa ragamar firamare daga nan zuwa can. An kafa hukumar firamare ta ƙasa a 1988, aka rushe ta a 1991, aka dawo da ita a 1993. A ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da UBE, sabon shirin ilimin matakin farko ga kowa, a Sakkwato, dokarta ta fito a 2004. Dokar ta wajabta karatun shekara tara kyauta, ta ware kashi 2 cikin 100 na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya ga UBEC, hukumar tarayya mai kula da shirin, da sharaɗin kowace jiha ta kawo kwatankwacin kasonta kafin ta karɓi tallafin gine-gine. A tsakanin 2005 da 2006 ne Majalisar Ilimi ta Ƙasa ta amince kowace makaranta ta kafa SBMC.

Wani abu da ya kamata a lura da shi a gefe: mutanen da ake cewa ba su iya tafiyar da makaranta ba, su ne ke tafiyar da Islamiyyar unguwa. Su ke nemo malami, su tara kuɗin wata, su sallami wanda ba ya zuwa, su yi gayya su zuba dakali. Ke nan ba iyawar ce babu ba. A Islamiyya sun san tasu ce, kuma maganarsu tana aiki.

Umarnin kafa kwamitocin ya sauka ba kuɗi, ba horo. Binciken da ESSPIN, wani shirin tallafa wa ilimi a Najeriya, ya yi a 2009 ya tarar yawancinsu a takarda kawai suke, wasu mambobin ma ba su san an rubuta sunansu ba, muryar mata kuwa da ƙyar ake jin ta. ESSPIN, wanda Birtaniya ta ɗauki nauyinsa daga 2008 zuwa 2017 a jihohin Kano, Jigawa, Kaduna, Kwara, Legas da Inugu, shi ya haɗa jami'an wayar da kai na ƙananan hukumomi da ƙungiyoyin sa kai, suka riƙa horar da kwamitocin suna kuma komawa duba su. Daga baya kuɗi suka biyo: tallafin dala miliyan 100 da aka amince da shi a 2015 ga Jigawa, Kaduna, Kano, Katsina da Sakkwato, sai AGILE na Bankin Duniya da ya fara da dala miliyan 500 a 2020 a jihohi bakwai, aka ƙara masa dala miliyan 700 a 2023 ya faɗaɗa zuwa wasu jihohin.

## Wa ke zaune a kan tabarmar?

Nan ne gizo ke saƙa. A ɗauka wata makarantar ƙauye ta sami kuɗin da ba zai wuce aiki ɗaya ko biyu ba. Hedimasta na son a gyara ofis a sa ƙofar ƙarfe, domin an sha sace littattafai. Malamai na son kujeru da wurin zama. Mai gari na son katanga da fenti, abin da baƙo zai gani daga bakin hanya. Duk waɗannan buƙatu ne na gaskiya, babu na banza a cikinsu.

Amma da za a tambayi iyaye mata, wataƙila abin da za su fara ambata shi ne ban-ɗaki mai ƙofa da ruwa, domin su suka san dalilin da yarinya ke daina zuwa da zarar ta fara girma. Su suka san ranar kasuwa ajin 'yan mata ke zama wayam saboda talla, kuma su suka san abin da kuɗin tallan ke saya a gidan. Da za a tambayi yaran, za su iya kawo zancen dukan da ake yi wa mai makara, alhali wasunsu daga ƙauyen da ke da nisa suke takowa. Uban yaron da ke rarrafe zai yi maganar matakalar da ɗansa ba ya iya hawa. Bafulatanin da ke ruga a bayan gari, wanda galibi ba a ma kira shi taron ba, zai ce lokacin da ake buɗe makaranta shi ne lokacin da yara ke fita da dabbobi.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma ɗakin ba mutum ɗaya ke kwana a ciki ba. Kowa ɓangaren da ke ɗiga a kansa ya sani. Shi ya sa jerin buƙatun da kwamiti zai fitar ya danganta kacokan da waɗanda suka yi magana a zaman.

Kuma zama a wurin taro ba shi ne magana ba. A al'adance, ƙaramar mace ba za ta katse dagaci ba, ɗalibi ɗan aji shida ba zai ce wa hedimasta a gaban liman cewa malamin lissafi ba ya shiga aji ba. Kujerar tana nan, sa hannun yana nan, amma shawarar ta mutum uku ce. Masu aikin ESSPIN sun ga haka, shi ya sa suka ɓullo da ƙananan kwamitoci na mata zalla da na yara zalla, waɗanda ke zama daban su tattauna, sannan wakilansu su kai matsaya ɗaya gaban babban kwamiti. Mace na iya jin nauyin faɗin ra'ayinta, amma ba ta jin nauyin isar da saƙon mata talatin. Shirin karatun 'ya'ya mata na UNICEF da ya gudana daga 2012 zuwa 2022 a jihohi irin su Bauchi, Katsina, Neja, Sakkwato da Zamfara ya bi irin wannan hanya ta ƙungiyoyin iyaye mata.

Sai yadda ake zaɓen mambobin. Hanya mafi sauƙi ita ce hedimasta da mai unguwa su zauna su rubuto sunaye. Tana da sauri, ba ta tayar da ƙura, amma 'yan amshin shata take haifarwa. A Nijar, inda ake kiran irin wannan kwamiti COGES kafin a sauya masa suna zuwa CGDES, shirin da hukumar JICA ta Japan ta fara a jihar Tawa a 2004 ya tsaya a kan abu ɗaya kafin komai: a zaɓi shugabannin kwamiti ta hanyar ƙuri'ar sirri a gaban taron gari. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Wanda ba zai iya ɗaga hannu ya ƙi ɗan mai gari ba, zai iya ƙin sa a bayan labule. An haɗa zaɓen da tsarin aiki na shekara da kuma haɗakar kwamitoci a matakin ƙaramar hukuma, daga baya aka yaɗa salon a faɗin ƙasar.

## Abin da gwaje-gwaje suka nuna

Ba a Najeriya aka fara wannan tunani ba, kuma an auna shi a wurare da dama. Sakamakon bai zo da fuska ɗaya ba.

A Nijar ɗin dai, an yi gwaji a makarantu 1,000 a jihohin Tawa da Damagaram, aka ba rabinsu ɗan tallafin kuɗi ta hannun kwamiti a ƙarshen 2007. Iyaye suka ƙara shiga harkar makaranta, yara ƙanana suka ƙaru a azuzuwan farko, aka yi 'yan gyare-gyare. Amma sakamakon jarrabawa bai motsa ba, kuma abin mamaki, fashin malamai ya ɗan ƙaru. Fassarar masu binciken ita ce iyayen sun yi niyya amma ba su da iko: sun fara sa ido a kan malaman da ba su ne ke biyansu ba, ba su ne ke iya hukunta su ba, wasu malaman kuma suka ji haushin hakan.

A Indonesiya an gwada hanyoyi daban-daban a ɗaruruwan makarantun karkara a tsibirin Java. Kuɗi da horo kaɗai ba su taɓuka abin kirki ba. Abin da ya ɗaga karatun yara shi ne haɗa kwamitin makaranta da majalisar ƙauye su yi tsari tare, musamman inda aka haɗa da zaɓen mambobi. Majalisar ƙauye tana da nauyin da kwamiti ba shi da shi. A Gambiya kuma aka ga fashin malamai da na ɗalibai ya ragu bayan an horar da kwamitoci, amma amfanin ga karatu ya fi fitowa a garuruwan da manya da yawa suka iya karatu da rubutu. Wannan gargaɗi ne kai tsaye ga masu zancen adalci: garin da ya fi buƙata shi ne mai yiwuwa ya fi kasa cin moriyar tsarin, sai an ƙara masa tallafi.

Darasin Yuganda na kuɗi ne. Daga 1991 zuwa 1995, kusan kashi 13 cikin 100 ne kawai na kuɗin gudanarwa da gwamnati ke turawa yake isa makarantu. Gwamnati ta fara buga adadin da ta tura a jaridu, ta wajabta wa makarantu su manna abin da suka karɓa a bango. Zuwa 2001 abin da ke isa ya haura kashi 80.

A can ƙarshen ma'auni akwai birnin Shikago na Amurka. Dokar 1988 ta kafa majalisa a kowace makaranta, mai iyaye shida, mutanen unguwa biyu, malamai biyu da shugaban makaranta, aka ba ta ikon ɗaukar shugaban a kwantiragin shekara huɗu, da amincewa da kasafi da tsarin gyara. Ko da wannan iko, wasu makarantun sun ci gaba, wasu sun tsaya cik. Masu binciken Jami'ar Shikago da suka bi makarantun shekaru suka gano cewa abin da ya fi raba su shi ne amana tsakanin shugaba, malamai da iyaye, da kuma ko shugaban ya mai da hankali kan abin da ke faruwa a cikin aji. A 1995 aka sake doka, aka mayar da wani ɓangare na ikon hannun magajin gari.

## An ɗora nauyi, an riƙe iko

Idan aka auna SBMC na Najeriya da waɗannan, giɓin na fitowa. Kwamiti na iya rubuta cewa babbar matsalarsa malami ɗaya ne ke riƙe da azuzuwa uku. Amma ɗaukar malami da tura shi wurin aiki yana hannun SUBEB, wato hukumar ilimin matakin farko ta jiha, da sakataren ilimi na ƙaramar hukuma. Kwamiti na iya kai ƙarar malamin da ba ya zuwa, amma in malamin yana da uwa a gindin murhu, takardar a durowa take ƙarewa. Manyan gine-gine kwangila ce da ake bayarwa daga babban birnin jiha, wani lokaci sai dai gari ya wayi gari ya ga an sauke yashi.

Kuɗin ma ba kullum ba ne. Yawancin abin da ya taɓa shiga asusun kwamitoci ta hanyar shirye-shirye masu wa'adi ya zo. UBEC kuma ta sha kokawa cewa biliyoyin naira na zaune a hannunta saboda jihohi ba su kawo nasu kason ba. Albashin malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake cire shi, kuma hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a ranar 11 ga Yuli 2024, cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ya sake tayar da tambayar wa zai riƙe albashin, abin da ya sa ƙungiyar malamai ta NUT nuna fargaba. Kwamitin da ke ƙauye ba shi da ta cewa a ko ɗaya daga cikin waɗannan.

## Hedimasta a tsakiya

Mutumin da sauyin ya fi matsa shi ne shugaban makaranta. Yawanci daɗewa a aiki ce ta kai shi kujerar, ba horon shugabanci ba. Tsarin da ya taso a ciki ya koya masa duban sama: abin da sakataren ilimi ke so, fom ɗin da za a cike kafin Juma'a. Yanzu ana so ya dubi gefe da ƙasa, ya buɗe littafin kuɗi ga mutanen da wasunsu ba su yi boko ba.

Abin da masana ke kira raba jagoranci ba ya nufin shugaba ya sauka. Yana nufin ya rarraba ayyuka na gaske tare da ikon yin su. Malamar da ta ƙware a koyar da karatu a aji ɗaya ta jagoranci zaman malamai na mako. Wani ya riƙe rajistar fashi, ya riƙa miƙa wa kwamitin mata sunayen yaran da suka yi kwanaki ba a gan su ba, domin su ne za su iya shiga gida su ji dalili. Liman ya ɗauki sanarwa bayan sallah. Shi kuma shugaban ya sami lokacin shiga aji ya ga yadda ake koyarwa. Akwai kuma dabarar fara da abin da ba ya cin kuɗi, kamar zaunar da masu raunin gani a gaba, ko ware awa ɗaya a raba yara bisa abin da suka iya karantawa maimakon ajin da suke. Kwamitoci sun fi karkata ga siminti da kwano saboda su ake gani, alhali yaro na iya shekara shida a aji mai sabon fenti bai iya haɗa baƙi ba.

## Inda ra'ayoyi suka rabu

Masu goyon bayan tsarin suna cewa aikin da gari ya yi da kansa ya fi arha kuma ya fi ƙarko, domin birkilan ɗan gari ne, ɗansa ma a ajin zai zauna. Suna ƙarawa da cewa babu jami'in da zai iya shawo kan uban da ya hana 'yarsa karatu kamar maƙwabcinsa.

Masu suka suna ganin wayo ne: gwamnati ta sauke nauyin da doka ta ɗora mata a kan talaka, ta sa masa suna "mallakar al'umma". Hujjarsu mai ƙarfi ita ce, in aka bar kowane gari da abin da zai iya tarawa, unguwar masu hali za ta ƙara gaba, ƙauye ya ƙara baya, tsarin da aka kawo don adalci ya zama mai faɗaɗa tazara. Suna kuma nuna cewa gari ba kansa ɗaya ba, akwai kashin dankali a cikinsa, kuma miƙa kuɗi ga "al'umma" na iya zama miƙa shi ga masu ƙarfin cikinta.

Ɓangare na uku na cewa ɓarnar ta wuce zaman shawara, sai gwamnati ta yi amfani da ƙarfi daga sama. Misalin da ake kawowa shi ne Kaduna a 2017, lokacin da gwamnatin Nasir El-Rufai ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa ta matakin aji huɗu, 21,780 suka kasa kai makin da aka gindaya, aka sallame su aka ɗauki sababbi. Magoya bayan matakin na cewa babu kwamitin ƙauyen da zai iya wannan. NUT, wadda ta shiga yajin aiki a kai, ta ce an yi ba tare da ita ba kuma ba a bi ƙa'ida ba. Har yau ana jayayya kan abin da matakin ya haifar a cikin aji.

Idan aka dubi hujjojin da kyau, kowane ɓangare na magana ne a kan matsala daban. Ingancin malami da rabon malamai tsakanin birni da ƙauye aikin jiha ne, kwamiti ba zai iya ba. Sanin wace yarinya ce ta daina zuwa da dalilinta kuwa, babu ma'aikatar da za ta iya daga ofis.

## Abin da zai taɓa talaka

Ga uba, abu na farko shi ne bambance gudummawa da haraji. Dokar UBE ta haramta karɓar kuɗin makaranta a firamare da ƙaramar sakandare na gwamnati, har ta tanadi tarar da ba ta wuce naira 10,000 ba ko ɗaurin wata uku ga wanda ya karɓa. Kwamiti na iya neman taimako daga mai hali, na kuɗi ko yashi ko ƙarfin jiki. Amma duk lokacin da aka kori yaro gida saboda ubansa bai biya ba, an fita daga gudummawa, kuma ɗan da aka kora shi ne ainihin wanda aka kafa kwamitin dominsa.

Ga uwa, tsarin ya buɗe ƙofar da a da babu ita, ko da ba ta iya karatu ba, muddin ana zaman mata da gaske kuma a lokacin da za ta iya fita. Ga malami, sa idon gari zai ƙaru. Hakan na iya zama takura, yana kuma iya zama kariya, domin kwamitin da ya san malaminsa na zuwa kullum shi zai fi tsaya masa in albashi ya makara ko aka tashi ɗauke shi ba dalili. A wasu ƙauyuka ma gari ke ba baƙon malami ɗaki don ya zauna.

Akwai 'yan alamu da kowa zai iya dubawa a makarantar unguwarsu ba sai ya nemi izini ba. Shin an manna adadin kuɗin da ya shigo da yadda aka kashe shi a inda kowa zai gani, kuma da Hausa? Mutum nawa ke sa hannu kafin a cire kuɗi, kuma dukansu na gida ɗaya ne? Yaushe aka zaɓi mambobin, a gaban wa? A cikin abubuwan da aka sa a gaba bana, akwai ko ɗaya da ya fito daga bakin mata ko yara? Akwai wanda ya ƙirga yaran unguwar da ba sa cikin rajista kwata-kwata?

Tambayar da ta rage ta gwamnatocin jihohi ce. Kuɗin AGILE rance ne mai sauƙin sharaɗi daga Bankin Duniya, yana da ranar ƙarewa, kamar yadda ESSPIN ya ƙare a 2017. Jami'in wayar da kai da ke zagaya kwamitoci na buƙatar man babur, makaranta na buƙatar ɗan kuɗin gudanarwa kowane zango. Wurin da za a ga ko jiha ta ɗauki waɗannan a wuyanta shi ne kasafin kuɗinta na shekara, a ƙarƙashin SUBEB da ma'aikatar ilimi, da kuma rahoton abin da aka saki daga cikinsa.